Shaidar Maman Sophia

Rebecca matar marigayi Malam Noah, wadda kowa a unguwarsu ta Birnin Gwari ke kira Maman Sophia, tana tankaɗe garin masara a tsakar gida sa'ad da baƙuwar ta yi sallama. Matashiya ce doguwa, da mayafi ruwan toka, takalminta ya yi butu-butu da jar ƙasar hanya. Ta durƙusa ta yi gaisuwa kamar 'yar gida, sannan ta ce sunanta Rukayya, lauyar gwamnati ce daga ofishin masu gabatar da ƙara a Kaduna, kuma ita aka damƙa wa shari'ar Bakoji.

Da jin sunan, Rebecca ta ajiye rariyar a hankali.

A daminar bara waccan ne 'yan bindiga suka ritsa su a gonarsu ta Kusasu, ita da mijinta, suna zuba taki. Aka kora su cikin daji tare da wasu manoma. Noah malamin firamare ne, ga shi da ciwon suga, tafiyar da yunwar suka kayar da shi. Wata safiya da ya kasa miƙewa, aka ja shi bayan wasu duwatsu, ta ji ƙarar bindiga. Ita kuwa sai da kaka ta yi aka sako ta, bayan dangi da 'yan cocinsu sun haɗa abin da za su iya na kuɗin fansa. A zaman da ta yi a can, akwai mutumin da yakan zo da babur, ɗauke da burodi da jarkokin fetur, ya zauna da shugaban 'yan bindigar suna ƙus-ƙus. Bakoji ne, mai gyaran babura a bakin tasha, wanda Noah ya koyar da 'ya'yansa. Tana dawowa ta gaya wa 'yan sanda, aka kama shi, daga nan kuma ba ta ƙara jin komai ba.

"Barista, ai na ɗauka maganar ta bi ruwa," in ji Rebecca.

"Ba ta bi ruwa ba, Mama. Mun daɗe ba mu neme ki ba, ki yi mana haƙuri. An sa ranar sauraro a Babbar Kotu. Muna da bayanan wayarsa, amma waya ba ta da ido. Ke kika gan shi."

Rukayya ta zayyana mata komai ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ofishinsu zai turo mota, zai ba ta masauki ita da 'yarta Sophia, kuma za su roƙi alƙali ya bar ta ta yi magana a bayan labule. Ta kuma gaya mata cewa lauyan Bakoji zai yi mata tambayoyi masu zafi, zai nemi ya mai da ita maƙaryaciya a gaban mutane.

"In na ce ba zan je ba fa?"

"Doka ta ba ni ikon in sa a aiko miki da sammaci. Amma ba zan yi ba. An riga an ja ki zuwa inda ba ki so, ba ni zan ƙara ba."

Rebecca ta dubi garin da ke cikin tire. Can ta ce, "Ni ba ɗaurinsa ne ke hana ni barci ba. Inda suka yar da mijina nake so in sani. Mun yi masa sujadar jana'iza a coci babu gawa."

"Ban san wurin ba, Mama, kuma ba zan yi miki alkawarin da ba na da tabbacin cikawa ba. Amma zan tambaya."

Kafin mako ya zagayo, labari ya karaɗe unguwa. Shekari, yayan Noah, ya zo da la'asar ya zauna a kan benci, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Maman Sophia, an yi sulhu da 'yan bindigar, hanya ta buɗe, mutane sun koma gonakinsu. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Barista za ta koma Kaduna, mu ne za mu kwana a nan."

"Yaya, na ji. Amma ko yanzu in na shiga kasuwa, duban fuskokin mutane nake yi, ina cewa wane ne na gaba da zai nuna gidana. Wannan ma zaman lafiya ne?"

Shekari ya ɗauki hularsa daga gwiwa. Ya daɗe yana murza bakin hular, sannan ya tashi.

Zuwan Inna Talatu, mahaifiyar Bakoji, shi ya fi yi mata nauyi. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa, kuma ita ta riƙa gasa wa Rebecca jiki lokacin haihuwar Sophia. Ta zube a ƙofar ɗaki tana kuka.

"'Yata, ki rufa min asiri. Tilasta shi suka yi. Sun ce in bai kai musu kaya ba, za su ƙone mu."

Rebecca ta kama ta ta ɗaga, ta kawo mata ruwa. "Inna, wallahi ba zan ƙara masa ko kalma ɗaya ba. Amma abin da idona ya gani, ba zan rage ba."

A Kaduna aka sauke su a wani gida mai shiru. Wata dattijuwa daga ofishin, Misis Margaret, wadda aikinta shi ne kula da waɗanda aka zalunta, takan zo kullum ta zauna da ita. Ba ta matsa mata da tambaya. Wata rana suna gyaran alayyafo, Rebecca ta tsinci kanta tana ba da labarin abubuwan da ko fastonsu ba ta taɓa gaya wa ba. Margaret ce ta kai ta asibiti aka duba ƙafarta da sarƙa ta ci, ita ce kuma ta shiga da ita ɗakin kotun ranar da babu zama, ta nuna mata inda alƙali zai zauna da inda za ta tsaya.

Ranar shari'ar, aka ja koren labule tsakaninta da akwatin wanda ake tuhuma. Ta ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ta rantse. Rukayya ta bi da ita sannu a hankali, daga gona har zuwa sansanin, har zuwa ranar da ta ji Bakoji yana ce wa shugaban 'yan bindigar, "Malamin nan yana da gida da gona, kada ku sassauta."

Lauyan Bakoji ya miƙe. "Kina cikin yunwa da firgita. Ta yaya za ki tabbata shi ne?"

"Ranka ya daɗe, shekara da shekaru yana gyara wa mijina babur. Ya ci tuwo a gidana. Da ya gan ni a ɗaure, kansa ya sunkuyar."

"Kin gan shi ya harbi mijinki?"

Rebecca ta girgiza kai.

"A'a. Ranar ma ban gan shi a wurin ba."

Da suka fito, Rebecca ta zauna a kan matakala. "Barista, na ɓata miki shari'a ko?"

"Ba ki ɓata komai ba, Mama. Gaskiya muka zo nema."

Bayan ita, wani manomi daga Damari mai suna Haruna, wanda aka tsare su tare, shi ma ya ba da shaida. Da farko ya ƙi zuwa, amma da ya ji mace ta tsaya, ya ce kunya ba za ta bar shi ya zauna a gida ba.

Shari'a ta ja, aka yi ta ɗagawa, kuma kowane zama Rukayya takan buga waya ta gaya mata inda aka kwana. Daga ƙarshe alƙali ya sami Bakoji da laifin haɗa baki da taimaka wa masu garkuwa da mutane, ya yanke masa ɗauri mai tsawo, amma ya wanke shi daga tuhumar kisa. Shekari ya ce hukuncin ya yi sauƙi. Inna Talatu ta daina bi ta layinsu. Rebecca kuwa ta rasa abin da za ta kira abin da take ji, don ba murna ba ce.

Ana cikin girbin dawa Rukayya ta sake zuwa Birnin Gwari. Ta ce ta bi ta hannun lauyan Bakoji ta gan shi a gidan gyaran hali. Ta gaya masa babu abin da za a rage masa, tambaya ce kawai daga matar malamin 'ya'yansa. Bakoji ya daɗe yana kuka, sannan ya ce washegarin kisan ya je sansanin, shi aka sa ya haƙa ramin, a gindin wata ƙatuwar bishiyar maɗaci kusa da rafi.

Sai da aka nemi izinin kotu da rakiyar sojoji kafin a shiga. Suka tafi da hantsi, da Margaret, da likita, da fasto, da Shekari wanda ya zo da shebur ɗinsa ba tare da an roƙe shi ba. Dajin ya yi shiru, ciyawa ta cinye bukkokin sansanin. Rukayya ta so Rebecca ta jira a mota, ta ƙi. Ta tsaya a inuwa, Margaret na riƙe da hannunta, har shebur ya taɓa wani abu. Likita ya durƙusa ya share ƙasar da hannu. Rebecca ta gane shuɗiyar rigar da ta ɗinka wa Noah da kanta.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta cire zanen da ta yafa, ta miƙa wa Shekari, ta ce a naɗe shi a ciki.

Ranar Asabar aka binne Malam Noah a maƙabartar cocinsu. Tsofaffin ɗalibansa, Musulmi da Kirista, su suka ɗauki akwatin. Rukayya ta tsaya daga baya har aka gama, sannan ta yi wa iyalin ta'aziyya, ta shiga mota, don tana da wani mai shaida da za ta gani a Damari kafin rana ta yi sanyi.