Awa Huɗu Kafin a Zubar da Tanki

Kwana uku ke nan cikin Glenys yana gudu. Tsohuwar na kwance a ƙuryar tirela, ɗan gidan nan mai taya da ake ja da mota, leɓenta ya bushe ya tsage. Su uku ke zaune a tirelar: ita, da 'yarta Noelene, da mijin 'yar, Wade, mai kafa shingen waya a gonakin tumaki. Duk inda aiki ya kira, can motarsa ke jan gidan.

Da hantsi suka tsaya a wurin hutawar matafiya bayan garin Quilpie. Akwai famfon ruwan sha a nan, can gefe kuma ramin da masu tirela ke juye kwandon banɗakinsu. Ma'aikaciyar jinyar garin ta duba Glenys, ta ba da garin gishiri da sukari, ta ce a dama mata da ruwa mai tsabta kawai. Gonar da za su kuwa tafiyar awa uku ce, ruwanta na burtsatse ne mai zartsi da ko tumaki sai sun yi shawara suke sha. Abin da suka ɗauka a tanki shi tsohuwar za ta sha har mako biyu.

Wade ya kwance motar daga tirela ya shiga gari sayen wayar shinge. Noelene ta tara kofi a famfon kicin ta shinshina, ta ji wari kamar na tsumman da ya kwana a jiƙe. Ta zubar da tankin kaf. Da ta nemi farin tiyon da ake ɗura ruwan sha da shi, sai ta same shi a akwatin kayan aiki yana ƙarnin man dizal. Dole ta yi jigila da bokiti da mazurari. Ta dama bilic, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, rubu'in kofi ta ɗura, ta cika tankin, ta buɗe kowane famfo har ƙaurin bilic ya fito ta bakinsa, sannan ta rufe. Ƙarfe goma da rabi. Sai biyu da rabi za a zubar, a ɗauraye sau biyu.

Sha biyu ba ta cika ba Wade ya dawo yana warin giya. Ya ce a naɗe kaya, mai gona na jiransa. Ta gaya masa akwai bilic a tanki, ya ce ta zubar yanzu ta cika, ai ruwa ruwa ne. Ta tambaye shi da me ya ɗura ruwa wancan makon, tunda farin tiyon ya zama na zuƙo mai.

"Da wanda na gani a rataye," in ji shi.

"A rataye a ina?"

Ya nuna wanda ke bakin rami da haɓa, ya ce irinsa ne a inda suka yada zango. Tiyon da kowa ke zurawa cikin kwandon kashinsa ya wanke.

Daga ciki muryar Glenys ta fito, siririya. "Ashe kashin matafiya nake sha a shayi. Sannu da aiki, surukina."

"Rufe min baki, tsohuwa. Ke da kika shekara saba'in kina shan giyar kwali, tiyo ne zai kashe ki?"

Ya durƙusa zai kwance murfin ƙasan tanki. Noelene ta taka wurin da ƙafa. Ta ce masa a hankali saura awa biyu da rabi, in an zubar yanzu an yi aikin banza, dattin na nan manne a bango.

Bai tashi ba ya fizgi idon sawunta. Ta faɗi da baya, ƙeyarta ta daki matakalar ƙarfe. Kafin ta gane sama da ƙasa ya kama gashinta ya ɗaga ta, ya buga fuskarta a jikin tirela sau biyu, har kwanukan ciki suka zubo. Jini ya cika mata hanci. Ya riƙa faɗa mata a kunne cewa tirelarsa ce, tankinsa ne, ya gaji da ciyar da mata biyu masu baki. Glenys ta rarrafo bakin ƙofa ta jefe shi da butar shayi. Ya ture ta da tafin hannu, ta koma ciki ta faɗi tsakanin gado da tebur, ba ta ƙara magana ba.

Wade ya bar murfin. Ya ce to su tafi da bilic ɗin, su sha shi a can. Ya ja motar da baya, ya sauko yana daidaita ƙugiyar tirela a kan ƙwallon ƙarfen motar, hannunsa na hagu a kan ƙugiyar.

Noelene na zaune a ƙasa, ido ɗaya ya fara rufewa. A gefenta akwai sandar ƙarfen da ake murɗa ƙafafun tirela da ita. Shekara shida tana jin hannun nan a jikinta, ba ta taɓa ɗaga ko cokali ba. Ta miƙe da sandar, ta sauke ta a kan yatsunsa da hannu biyu.

Ƙarar ta yi kamar an taka busasshen reshe. Ya yi ihu ya juyo, ta sake sauke masa a gwiwa. Ya faɗi yana zaginta da uwarta, ya kai mata cafka da hannun dama, ta ja da baya, sandar na sama.

"Biyu da rabi," ta ce. "Ka taɓa ƙugiyar nan kafin lokacin, na fasa ɗayan."

Yatsunsa biyu sun karkace, farce ɗaya ya tashi. Ya ja jiki ya shiga mota, ya ce ta ci tirelar ita da gawar uwarta, ya fizgi motar tsakuwa na tashi.

Noelene ta shiga ta ɗaga Glenys. Goshin tsohuwar ya fashe kaɗan, amma tana numfashi, har ta tambaya ko butar ta same shi. Noelene ta ce ta same shi a kafaɗa. Glenys ta ce ita kai ta auna.

Suka zauna, ƙudaje na bin jinin. Biyu da rabi Noelene ta kwance murfin, ruwan ya malale a jar ƙasa. Bokiti tara ke cika tankin. Ta cika ta zubar, ta cika ta zubar, haƙarƙarinta na suka duk sanda ta ɗaga bokiti. A cikawa ta uku ta tara kofi ta shinshina, sai ta tuna hancinta ya toshe da jini. Ta miƙa wa uwarta.

Glenys ta shinshina, ta kurɓa, ta juya shi a baki.

"Ba ya warin komai," ta ce. "Dama min garin nan. Sai dai ban san wa zai ja mu daga nan ba."

Noelene ma ba ta sani ba. Ta yage bakin takardar garin da haƙori.