Bindigar Suruki da Katinta

Hagiwara Tomonori ya kai shekara hamsin da uku bai taɓa cin gasar komai ba, in ban da takardar yabo da aka ba shi a firamare saboda bai taɓa makara ba. Shekara biyu ke nan yana zuwa filin harbi, yana ɗura albarushi a bindigar ƙungiyar maharba, irin ta da mai lagwani, yana hura lagwani, yana sakin dalma ta tafi inda ta ga dama. Bana ciwon baya ya kwantar da ɗaya daga cikin gwanayen, aka duba hagu aka duba dama, aka rubuta sunan Tomonori. Gasa ranar Lahadi, kuma kowa da tasa bindigar zai zo.

Akwai guda biyu a gidan, na marigayi surukinsa, a cikin jakunkunan yadi a kabad ɗin bango. Ɗaya an yi wa ƙotarta ado da furannin azurfa, tana sheƙi kamar yau aka gama ta. Ɗayar baƙa ce wuluk, ba ado ko ɗigo, gefen ƙotar ma ya lotsa, in ka gan ta a jingine sai ka ce taɓarya ce.

"Ɗauki wadda kake so," in ji matarsa Fumie. "Amma su ne kaɗai abin da Baba ya bar mini. Yadda ta fita haka za ta dawo."

Ya ɗauki mai azurfa.

"Wannan?"

"Me ya same ta?"

"Ba komai, Baban Rie. Ta dace da kai."

Bai so yadda ta faɗi maganar ba, amma shekara ashirin da shida na aure sun koya masa kada ya tambaya.

Ranar Alhamis da azahar ya kai ta wurin Kusakabe, tsohon da ke duba wa ƙungiya bindigogi, wanda suke kira Sensei, wato malam. Dole ne. Kowace tsohuwar bindiga da katinta na rajista, mai ɗauke da tsawon ƙarfen, faɗin bakin, da sunan maƙerin in akwai. Inda bindiga ta je kati ya bi ta, ranar gasa kuma sai an auna an gwada kafin mutum ya taɓa albarushi.

Kusakabe, ɗan shekara tamanin da ɗaya, ya shimfiɗa bindigar a kan tsumma, ya dubi azurfar, ya dubi mai ita.

"Hagiwara-san, gasa za ka ko ɗaukar hoto?"

"Duka biyun, Sensei, in da hali."

"Hoton dai zai yi kyau."

Ya ɗauko ƙaramar guduma ya fitar da tsinkayen gora da ke riƙe da ƙarfen, ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a faifan shayi. Ya ɗaga ƙarfen daga ƙota, ya juya shi ya duba ƙasansa, inda maƙera ke sassaƙa sunansu. Ya goge wurin da babban yatsa. Ya ɗauki katin. Ya sake duba ƙarfen. Sai ya cire tabarau ya sa wani.

Tomonori ma'aikacin ofis ne, ya san shirun da mutum ke yi in takarda ta ƙi daidai.

"Katin nan ya ce akwai sunan wani shahararren maƙerin garin Kunitomo," in ji tsohon. "Nan kuwa babu ko zane."

"Ko ya goge ne?"

"Sassaƙa ce a ƙarfe, ba alli ba ne. Miƙo mini tef."

Suka auna. Kati ya ce santimita casa'in da takwas, ƙarfe ya ce ɗari da ɗaya. Tomonori ya roƙi a sake. Aka sake, ƙarfen bai rage ba.

"To yanzu fa?"

"Yanzu a gabana akwai bindigar da ba ta da kati, da katin da ba shi da bindiga. Kai ka san sauran. A kira 'yan sanda, su ɗauke ta, a yi bincike. Wani lokaci tana dawowa."

"Wani lokacin fa?"

Kusakabe ya zuba masa shayi.

Gasar ta fita daga ran Tomonori gaba ɗaya. Abin da yake gani kawai shi ne kabad ɗin bango da jaka ɗaya a ciki, da Fumie a tsaye tana kallonta. Ba za ta yi faɗa ba, ya sani. Za ta ninke jakar da babu komai a ciki ta mayar da ita wurinta, kuma nan za ta zauna har ƙarshen ransa.

"Surukinka ba mai wasa da takarda ba ne," in ji Kusakabe. "Shekara talatin muna harbi tare. Wa ya taɓa katunan bayan rasuwarsa?"

Tomonori ya kai kofi baki, ya ajiye bai sha ba.

Ya tuna. Bayan an gama zaman makoki, shi ya kimtsa kabad ɗin, don a gidan shi ne gwanin kimtsi. Ya sami kati mai sunan maƙerin Kunitomo a jakar baƙar bindiga, kati marar suna kuma a jakar mai azurfa. Ya girgiza kai, ya ji tausayin tsohon da tsufa ya rikita. Babban maƙeri ai shi ke da kyakkyawar bindiga. Ya musanya su, har da sa kowanne a ledarsa, ya yi wa kansa kirari a zuci.

"Ni ne," ya ce. "Na gyara su."

"Ka gyara su."

"Na ɗauka Baba ya ruɗe."

"A'a, lallai. Mutumin da ke buga baƙin tsakiyar allon harbi daga mita hamsin yana da shekara saba'in da tara." Tsohon ya tura masa waya. "Kira gida. Ka ce ta kawo ɗaya katin. Katin kawai. In ya yi daidai da wannan ƙarfen, ba abin da ya faru. In bai yi ba, ni zan buga ɗaya wayar, ta 'yan sanda."

Ya buga. Ya yi bayani a dunƙule, ya tsallake wurin da sunansa ya fito.

"Wa ya musanya su?" in ji Fumie.

"Doguwar magana ce."

"Ashe kai ne. Ina zuwa."

Minti arba'in ne daga gida. Tomonori ya yi su a durƙushe a kan tabarma, ƙafafunsa sun yi tsami, yana lissafin abin da zai iya ɓaci. In katin ma bai dace ba fa? In akwai bindiga ta uku da aka sayar tun da can da katin wannan? Kusakabe kuwa ya ɗaga ƙarfen ya saita shi da taga, ya leƙa ciki.

"Zo ka gani."

Ya leƙa. Cikin duk ramukan tsatsa ne, kamar hanyar da ruwa ya ci.

"Da wannan, ka hari allonka ka bugi na maƙwabcinka. In ka yi sa'a ke nan."

Ƙarar mota ta tsaya a waje. Fumie ta shigo da kati a hannu, da doguwar jakar yadi a kafaɗa.

"Katin kawai na ce!" in ji Tomonori.

"Na ji ka."

Kusakabe ya dafe goshi. "Sannu da zuwa, Fumie-chan. Kin ratso gari da bindiga da katin da ba nata ba. Yanzu masu laifi biyu ne a gida ɗaya."

"Ai shi ya fara, Kawu."

Tsohon ya karɓi katin, ya ɗora shi kusa da ƙarfen. Babu suna, babu suna. Ɗari da ɗaya, ɗari da ɗaya. Sannan ya warware baƙar bindigar, ya fitar da tsinkayenta, ya juya ƙarfen. Ga sunan maƙerin nan a sassaƙe, tsaf. Tef ya ce casa'in da takwas. Tomonori ya zauna daɓas.

"Da can wannan ƙarfen mai suna a cikin ƙotar azurfar yake," in ji Fumie. "Baba ya ce furannin suna yankar masa kunci in ya harba ta yi baya. Ina aji uku ya musanya ƙotocin. Kati kuwa ƙarfe yake bi, ba ado ba. Kowa a gidanmu ya sani."

"Ni ba a faɗa mini ba."

"Ka taɓa tambayarsa wani abu?"

Bai taɓa ba. Shekara ashirin da uku suna cin abinci a tebur ɗaya, hirarsu ba ta wuce yanayin ruwan sama ba.

Kusakabe ya mayar da kowane ƙarfe mazauninsa, ya sa kowane kati a jakarsa da hannunsa, bai bar Tomonori ya taɓa ba. Sannan ya miƙa masa baƙar.

"Ɗaga mu gani."

Irin wannan bindigar ba a kafaɗa ake dafa ta ba, a kunci ne. Tomonori ya ɗaga, ya kwantar da fuska. Kuncinsa ya faɗa cikin lotsawar nan kamar an auna, idonsa ya sami saiti ba tare da ya nema ba. Itacen sumul yake, shekara arba'in na fuskar mutum ɗaya sun lashe shi. Bai taɓa matsowa kusa da surukinsa haka ba.

"Ya zauna?" in ji Kusakabe.

"Ya zauna, Sensei."

"To, ranar Lahadi in ka kuskure ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi."

Fumie ta rataya jakar mai azurfa, ta zaro katin daga ciki ta zura a aljihun rigarta, ta dafe shi da hannu.

"Wannan ni zan kai ta gida," ta ce. "Kai kuma kada ka sake gyara komai kafin Lahadi."