Malam Sallau Mai Tsoron Ruwa

"Ku cire goshi, ku cire ƙeya. Mi ya rage?"

Dudu na ɗaure ƙullin kayanta ta jiyo muryar maƙwabcinta ta kan katanga, haushi ya turnuƙe ta. Mutumin da ya kwana uku ko kunu bai haɗiya ba, ga ruwan dam ɗin Kainji ya cinye gonaki har ya iso bayan masallaci, ga jirgin ruwa na ƙarshe zai tashi da azahar, amma shi Malam Sallau karatu ne a gabansa. Tun makon jiya aka kwashe allo da bencinan makaranta zuwa sabon gari, can kan tudu wajen Warra, sai ya koma rubutu da gawayi a bangon ɗakinsa.

Ta leƙa. Yara bakwai na zaune a ƙasa mai danshi, ya rubuta musu magini, magina, ginanne.

"Gin," in ji yaran.

"Ita ta saiwa. In kunka liƙa mata 'ma' ga goshi, 'i' ga ƙeya, kun samu mai aikin. In ko kunka..."

Tari ya sarƙe shi, gawayin ya faɗi. Dudu ta kora yaran wajen iyayensu, ta jingina shi da bango. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, ita ce dai mai miƙo masa tuwo shekara da shekaru.

"Dudu," ya ce, "kar ki bari a ruhe ni nan. Kin san ni da ruwa."

Wa bai sani ba? Shekara talatin a bakin kogi, bai taɓa shiga jirgi ido buɗe ba, har masunta na yi masa tsiya.

"To tashi mu tahi mana, Malam."

Bai tashi ba. Ya yi kalmar shahada, kafin hantsi ya dubi ludayi ya cika.

Mazan da suka rage suka yi masa wanka, suka sallace shi, suna yi suna duban rana. Biyu suka ɗauki fartanya suka nufi maƙabarta. Dudu ta bi su, abin da mace ba ta yi. Ba su haƙa kamu ɗaya ba ruwa ya tsattsafo a ramin. Ta juya da sauri ta nufi bakin gaɓa, wajen Arzika mai jirgi, ta roƙe shi ya ɗauki gawar zuwa tudu.

"Inna, dubi bakin jirgin ga," ya ce. "Ko ɗan akuya anka ƙara, nutsewa za mu yi. Ƙasa duk ta Allah ta."

"Gobe za ka dawo?"

"Gobe ba gari nan."

Mata suka fara mita, jarirai na kuka, wani ya ce a ruhe shi hakanan a tahi. Dudu ta dubi kayanta a tsakiyar jirgin.

"Sauke randata. Sauke dutsen niƙa, da buhun can."

"Inna, irin shinkaharki na hwa. Mi za ki shuka?"

"Na ce sauke."

Arzika ya sunkuya ya kinkimo buhun. Aka shigo da Malam naɗe cikin tabarma, aka kwantar da shi a gurbin. Ta zauna kusa, ta dafa tabarmar da hannu ɗaya, don jirgin na tangaɗi.

Da suka yi nisa ta waiwaya. Bakin buhun ya kwance a kan gaɓa, kurciyoyi biyu sun sauka suna tsattsaga.