Takalman Koci Hruska

Kunnuwan Vernon Hruska sun daɗe da daina kama da kunnuwa. Kokawa ta murje su tun yana saurayi, suka dunƙule kamar curin ƙullu. Su ne wani baƙo, Preston Ashby, ya fara ƙura wa ido ranar da ya shigo ɗakin kokawa na jami'armu, ya taka katifa da takalminsa mai ƙyalli, katifar da ko shugabar jami'a ba ta isa ta taka da takalmin waje ba. 'Yan wasa suka tsaya cak. Koci Hruska ya ɗauko tsumma ya bi sawun yana gogewa.

Kowa a garin ya san abin da ya kawo Preston. Jami'a ce ta ɗauko hayar wani kamfanin masu ba da shawara daga Chicago, wai su duba harkar wasanni su faɗi inda za a gyara. Mu 'yan garin kuwa mun san irin wannan gyaran. Manya sun riga sun yanke abin da suke so, sai su sayo bakin da zai faɗa, don in an tashi zagi a zagi baƙo. Kuɗi ake nema a ƙara wa 'yan ƙwallon zari-ruga ta Amurka, waɗanda rabonsu da abin kirki tun ina da gashi a kaina. Dole a soke wani wasa, kokawa kuwa ba ta da mai tsaya mata a ofis, duk da cewa a wannan yanki na Iowa yaro yakan iya kayar da ɗan'uwansa kafin ya iya tuƙa tarakta.

Vernon ne kaɗai bai ɗauki abin haka ba. Shi a ganinsa, mutum ba ya kashe abin da ya sani, matsalar kawai yaron bai san kokawa ba. Sai ya gayyace shi cin abinci. Matarsa Darlene ta yi mita har ta gaji, sannan ta gasa naman sa da dankali, ta toya kek ɗin tuffa, don ba ta iya wulaƙanta baƙo ko da ta tsane shi.

Gaskiya, Preston ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ci, ya ƙara, ya yaba. Yana kiran tsohon da "Vern", sunan da ko abokan yarintarsa ba su kira shi da shi, amma yana sauraro da kunne biyu. Vernon ya saki jiki. Ya ba shi labarin yaran ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan Teo Villarreal, ɗalibin shekarar farko, wanda iyayensa ke aiki a mayanka, wanda in ba don tallafin karatu na kokawa ba da yanzu shi ma yana can riƙe da wuƙa. Daga nan ya gangaro kan al'adar takalma. In ɗan kokawa ya ji a jikinsa cewa ya gama, bayan karawarsa ta ƙarshe sai ya zauna a tsakiyar katifa, ya kwance takalmansa, ya ajiye su a nan, ya fita da safa. Kowa ya gani ya san ba zai sake dawowa ba.

"Ba a sa mutum, ba a yanka masa rana," in ji Vernon. "Shi da ƙafarsa ne suka sani."

Preston ya ajiye cokali. Idonsa har ya kawo ruwa, ya roƙi a sake faɗa masa a hankali.

Da baƙo ya tafi, Vernon ya ce wa matarsa, "Kin gani? Abin ya shiga ransa."

"Ya dai shiga jakarsa, tsoho," in ji Darlene, tana kwashe kwanuka.

Ana tsakiyar hunturu daraktar wasanni, Marcy Dunleavy, ta kira Vernon ofis. Ta yi ta kewaye-kewaye da kalmomin da kamfanin ya bar musu, irin waɗanda za ka ji awa guda ba ka kama ko ɗaya ba, kafin ta faɗi abin da kowa ya sani: daga ƙarshen wannan kakar wasa babu sauran kokawa a jami'ar. Vernon ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa. Sannan ta ƙara da cewa akwai wata shawara mai kyau da ƙwararrun suka kawo. A karawar ƙarshe ta gida, duka yaran za su cire takalmansu tare a tsakiyar katifa, shi Vernon ya zama na ƙarshe, a ɗauki bidiyo a aika wa tsofaffin ɗalibai masu ba da gudummawa, don zuciyarsu ta yi sanyi kada su janye hannu.

Ya ce ba zai yi ba. Marcy ta sunkuyar da kai, ta ce maganar ko yaran za su ci gaba da samun tallafi har su kammala karatu tana gaban shugabar jami'a, kuma shugabar tana duba wanda ya ba da haɗin kai. Ba ta iya haɗa ido da shi ba. Shi ma bai tilasta mata ba.

Haka ya amince, saboda tallafin. Da ya faɗa wa yaran, Teo ne ya ɗago kai.

"Koci, ni fa ban gama ba."

"Na sani, ɗana."

"To me zai sa in cire?"

"Saboda ni na ba su labarin takalman," in ji Vernon.

Ranar Lahadi da rana zauren ya cika maƙil. Mutanen da ba su taɓa leƙo kokawa ba sun zo ganin gawarta, har da shugabar jami'a a sahun gaba. Yaranmu suka ci karawar, abin takaici. Sai aka rage fitilu, aka sa wani kiɗa mai taushi. Yaran suka jeru suka zauna suna kwance igiya, yara masu jini a jika da ba su kai rabin ƙarfinsu ba. Teo ya ajiye nasa yana cizon leɓe. Vernon ya fito na ƙarshe da tsofaffin takalman da ya yi kokawa da su, gwiwoyinsa na ƙara ya durƙusa, ya cire, ya jera su gefen na Teo. Wallahi na yi kuka, kuma na ji haushin kaina, don na san kukan nan nawa shi aka tsara.

Jama'a sun fara watsewa, Vernon na tsaye a bakin katifa da safa, Darlene na miƙa masa rigar sanyi, sai ga Preston da mai kyamara a bayansa. Wannan karon ta gefe ya bi, bai taka katifar ba.

"Vern, abin ya yi kyau ƙwarai," ya ce. "Sai dai wani ya gitta gaban kyamara daidai lokacin da ka ajiye naka. Ko za ka daure ka sake mana sau ɗaya?"

"Vernon, mu tafi gida," in ji Darlene.

Ya dubi Marcy, ta kau da kai. Ya dubi Teo, wanda ke zaune a benci ba takalmi, uwarsa na shafa masa baya. Sai ya koma tsakiyar katifa, ya ɗauki takalman da ya riga ya ajiye, abin da ban taɓa ganin wani ɗan kokawa ya yi ba. Ya zauna ya sa su, ya ɗaure igiyar tsaf har sama.

"A ina kake so in tsaya?" ya ce.