Ranar da Gatari Ya Rufe Ido

Gatari ya daɗe yana fasa kawunan mutane a bakin tasha kafin wa'azin wani Fasto ya kama shi. A nan titi ya durƙusa, ya miƙa wuƙarsa. Da masu tuba suka yi yawa, wata gwauruwa ta ba su aron shagon marigayi mijinta su riƙa sujada, da sharaɗi guda: ranar da aka yi faɗa a ciki, za ta sa wa ƙofar kwaɗo.

Abu ɗaya ya gagari Gatari, rufe ido lokacin addu'a.

"Ɗana, Allah kake tsaro ko ƙofa?" in ji Fasto.

"Baba, Allah ba ya bukatar mai gadi. Ƙofar ce ba ta da sakata."

Fasto bai bar shi ya huta ba, sai da wata Lahadi ya runtse idon. Tsoffin abokansa kuwa sun san al'adar gidan sarai. Suka laɓe har aka ce kowa ya sunkuyar da kai, sannan suka shigo.

Ƙarar katako a kan ƙashi ce ta buɗe masa ido. Fasto na ƙasa, bakinsa na zubar da jini, haƙoransa a kan siminti. Dogo, shugaban 'yan dabar, yana tsaye a kansa da ƙafar benci.

"Ka tashi mu tafi, Gatari. Ko in ƙarasa maka uban naka?"

Fasto ya ɗaga hannu yana girgiza kai. Gatari ya gani, ya kuma tuna kwaɗon. Dogo ya sake ɗaga katakon. Bai sauke ba. Gatari ya cafke hannun, ya murɗe shi har ya yi ƙara kamar busasshen kara, ya haɗa fuskarsa da bango. Sauran suka ranta a na kare.

Kafin a wanke jinin, gwauruwa ta iso da kwaɗonta. Ta fitar da su, ta kulle shagon.

Lahadi ta zagayo, ikilisiya ta koma bakin tasha inda ta fito, cikin hayaƙin motoci. Bakin Fasto a kumbure, magana ba ta fita sosai. Ya tura wa Gatari lasifika.

"Ni, Baba? Ni na jawo mana titi."

"Nan na tsince ka. Yi mana addu'a." Ya taɓa leɓensa, ya yamutsa fuska. "Ka bar ido ɗaya a buɗe."