Littattafai Masu Ƙanshin Kafur

Malama Saratu Shekari ta fi shekara tana buɗe ɗakin karatun nan kowace Asabar, kuma ba wanda ya sa ta. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan wata firamare a unguwar Makera, da can ma'ajiyar tsintsiya da karyayyun bencina. Ita ta share, ita ta kori ɓeraye, ita ta bi coci da gidajen ma'aikatan masaƙa tana roƙon tsofaffin littattafai har ta cika kwali uku. Kowane littafi ta yi masa riga da takardar buhun siminti. Mijinta Jethro yakan ce da irin wannan kulawa take ba shi, da tuni ya yi tumbi.

Doka ɗaya ta kafa, ta kuma faɗe ta da babbar murya tun ranar farko: duk wanda ya dawo da littafi da datti ko a yage, shi da ɗakin nan har abada. Ba mugunta ba ce. Ita ta san ranar da ta sha kafin ta tara su.

Yara kuwa suka yi ta zuwa, layi har bakin famfo. Daga unguwar Television take takowa da sassafe, ta karɓi wannan, ta miƙa wancan, kafin ta ɗaga kai azahar ta yi, ƙafafunta sun kumbura. Ba ta taɓa samun sukunin zaunar da yaro ta ce karanta mini in ji ba. Littattafai dai suna fita suna dawowa fes, har da ƙanshin kafur. Sai ta ji daɗi, ta ce lallai iyayen Makera akwai tsafta.

Ana nan damina ta ƙarato, hedimasta Malam Bello ya kira ta ofis, yana ta sosa ƙeya.

"Malama, sori fa, ba yin kaina ba ne. 'Yan aji biyu a gindin mangwaro suke karatu, ga hadari ya fara haɗuwa. Kwamitin iyaye sun ce a mayar da ɗakinki aji. Na roƙe su, suka ce to, ranar taro ki kawo yaro ko ɗaya ne ya yi karatu a gabansu. In sun ga amfanin abin, su kafa wa 'yan aji biyu rumfar kwano, a bar miki ɗakinki."

Ko gezau ba ta yi ba. Tana da Asabe, 'yar Dije mai ƙosai, 'yar aji huɗu, wadda ba ta taɓa fashin Asabar ba, kusan babu littafin da bai kwana a gidansu ba. Ta kira ta bayan an tashi, ta ɗauko wani littafin Hausa mai hoton kunkuru da yarinyar ta ara har sau biyu, ta buɗe mata shafin farko. Littafin ya yi ƙara kamar sabo, wasu shafukan ma a manne suke da juna.

Asabe ta kalli shafin. Ta kalli Malama. Ta sake kallon shafin, hawaye suka fara taruwa.

"Ba ke kika ari wannan ba?"

"Ni ce, Malama."

"To me ya faru da kunkurun?"

"Ban sani ba. Inna ce ke ajiyewa."

Saratu ta rufe littafin. Ta aika aka kira Rhoda da Sylvanus, su ma 'yan gaban layi ne. Rhoda ta ce mamanta a akwati take sa littafin tare da Littafi Mai Tsarki, ta kulle. Sylvanus ya ce nasa a saman kabad yake kwana, in ya taɓa a zane shi.

Da yamma ta bi Asabe gida. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, ko'ina ƙaurin mai da albasa. Dije ta tarbe ta da murna, ta shimfiɗa tabarma, da ta ji maganar littafi sai ta hau kujera ta sauko da babbar kwalla daga saman jeren kwanukanta. Ta ɗaga zannuwan Sallah, ta zaro wani abu naɗe a ɗankwali. Ƙwayoyin kafur suka zubo ƙasa.

"Malama, kin gani? Ko ƙuda bai sauka a kai ba," in ji Dije. "Ni sana'ata ta mai ce, hannun kowa a ɗakin nan maiƙo ne. Ranar da Asabe ta zo ta ce wanda ya ɓata littafi an kore shi, na ce to ba dai 'yata ba. Tana kawowa nake karɓa, Asabar da safe in miƙa mata. Abu mai rubutu ai ba a wulaƙanta shi. Ni ma na ba Maman Rhoda shawara, da sauran matan layin nan."

Tana faɗa tana murmushi, tana jiran yabo. Saratu ta so ta yi ihu, amma wa za ta yi wa? Matar nan wuri mafi daraja a ɗakinta ta ba littafin, inda ko 'yarta ba ta isa ta sa hannu ba. Sai ta ce, "Na gode, Maman Asabe," ta sa takalmi. Hanyar Television ba ta taɓa yi mata tsawo kamar ranar ba.

Malam Bello da ya ji labari ya rage murya ya ce, "Ki sa ta haddace shafi ɗaya mana. Wa zai gane? Rabin kwamitin nan su ma sai a hankali."

Ta yi tunanin hakan, ba ƙarya. Amma gajiyar da ke jikinta ta kai inda ko ƙarya ba ta da ƙarfin shiryawa. Ranar taro ta miƙe a gaban iyaye ta ce yaran ba su iya ba tukuna. Ba wanda ya yi mata faɗa, har wani dattijo ya sa mata albarka. Washegari aka shigar da bencina ɗakin.

Asabar ta zagayo, Jethro ya aro amalanke don a kai kwalayen gida. Yara sun zo kamar kullum, suka tarar da ƙofa a rufe, sai suka bi bayan amalanken shiru kamar masu rakiyar gawa. Da suka iso ƙofar masaƙa, inda Dije ke suya don ma'aikatan da ke tashi daga aiki, Saratu ta ce a tsaya.

"Haba Saratu, rana na yi," in ji Jethro. "Abin nan ya ƙare, mu je ki huta."

Saratu ta nufi wajen kasko. Ta zauna a bencin masu cin ƙosai, ta ce a zuba mata ƙosai mai zafi. Ta ci biyu, ba ta goge hannu ba. Sannan ta buɗe kwali ta zaro littafin kunkuru, ta buɗe shafin farko, ta danna babban yatsanta a kai kamar mai dangwala ƙuri'a. Mai ya zauna a takardar raɗau.

"Innalillahi!" Dije ta saki matsami. "Malama, lafiya kike kuwa?"

"Ya riga ya ɓaci, Maman Asabe. Babu sauran abin da za ki tsare. Ki bar shi a kan tabarma, Asabe ta ci tuwo a kansa in ta ga dama."

Ta jawo Asabe ta zaunar kusa da ita, ta kama yatsan yarinyar ta ɗora ƙarƙashin kalmar farko, dab da tabon man. Yarinyar ta fara haɗa baƙi.

"Wa... ta... ra... na."

"Ci gaba."

Dije na tsaye da tsumma a hannu, ta rasa littafin za ta goge ko hannun Malama, har na cikin kasko ya fara ƙonewa. Sauran yaran kuwa tuni suka ja layi a gefen titi, kowa ya miƙo hannu. Saratu ta dangwala na biyu ta ba Rhoda, ta dangwala na uku ta ba Sylvanus. Bayanta na ciwo, ƙafafunta sun fara kumbura, ga kwali biyu ba a ko buɗe ba. Ta duba yatsanta ta ga ya bushe.

"Maman Asabe," ta ce, "ƙaro mini ƙosai."