Gorar Awo

Zakiru na tsugune a tsakar gidan Haula yana jera rigunan fata cikin kwali na uku sai salularsa ta yi ƙara. Ƙanensa Jimrau ne, kiran bidiyo, daga can tsakiyar teku inda yake aikin kicin a wani ƙaton jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa.

"Yaya, an gama?"

"An gama tas, ɗari da ashirin. Kamiyon ɗaukar kaya na Maraɗi na tasha, da la'asar za shi tashi."

"Madalla. Ga madam mai butik ɗin jirgi nan kusa da ni. Ɗauko gorar ƙarhen nan da na aiko maka, ka sa mata riga guda madam ta gani."

Zakiru ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a ƙeya. "Alo? Alo? Rezo ba kyau," ya ce, alhali fuskar Jimrau tar take a gilashin, har haƙorinsa mai gibi ana gani. Ya kashe wayar ya cusa a aljihu.

Mata shida ne ƙarƙashin rumfar, duk suka ɗago. Haula ce babbarsu, matar tsoho Attaher maƙeri, kuma a Dakoro ba a yi mai hannunta a aikin fata ba. Ta ajiye basilla ta dube shi.

"Wace gorar ƙarhe kuma?"

"Wata ce can, Inna. Bari in tahi in ɗauko."

Ya faki idonsu ya zura riga ɗaya a aljihun gaba, ya hau motonsa mai ƙafa biyu. Gidansa na hannun dama, shi kuwa ya karya hagu ya kama hanyar Birnin Lalle.

Asalin maganar wata biyu ke nan. Masu jirgin su Jimrau sun daina raba wa fasinja ruwan gorar roba, domin a kullum sai an tara dubbai da aka sha sau ɗaya aka jefar. Yanzu kowa gorar ƙarfe ake ba shi ranar da ya shiga, ya riƙa cikawa a famfunan da aka kafa ko'ina. Mai butik ɗin jirgin ta ga jakar fata ta Dakoro a wuyan Jimrau, ta ce in 'yan garinsu za su iya ɗinka wa gorar riga mai maratayi za ta saka a kantinta. Jimrau ya sa bakinsa da mutuncinsa, ya aiko gora ɗaya tak don a yi awo. Jirgin zai tsaya Lome kwana guda a ƙarshen watan nan, in kayan ba su iske shi ba sai baɗi.

Ranar da gorar ta iso ta zo daidai da ranar kasuwa, kuma surukin Zakiru, Malam Sallau, ya kawo tumaki ya sauka a zaurensa tare da dattawa uku. Da Zakiru ya kai masa ruwa a moɗa yadda aka saba, da ba a yi wannan labari ba. Amma Zakiru mutum ne mai son a ce ya iya. Ya jefa ƙanƙara a gorar tun hantsi, bayan azahar ya miƙa ta da hannu biyu. Tsohon ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce ikon Allah, ƙarfe a wannan zafi amma ruwa har yana kama haƙori.

"Ai taka ce, Baba," bakin Zakiru ya faɗa kafin hankalinsa ya iso.

Malam Sallau ya ƙi, ya sake ƙi. Duk mai wayo a nan yake tsayawa. Zakiru kuwa ya ga dattawa na gyaɗa kai suna cewa an yi dace da suruki, sai ya nace karo na uku. Gora ta shiga burgamin tsoho ta tafi Birnin Lalle.

Washegari ya nemo gorar roba a kasuwa. Ya tabbata ruwan da ta ƙarfen ke ci shi wannan ke ci, don ya juye ruwan wata irin wannan a waccan da hannunsa ranar da ta iso. Ya kai wa Haula ya ce ga awo daga jirgi. Ta juya ta, ta ce wai da gaske irin wannan ce Turawa ke jefarwa bayan sha ɗaya, alhali tata ta man gyaɗa shekararta uku? Sannan ta tambaye shi ko ya tabbata ita ce awon. Ya ce ya tabbata. Ranar da za a fara yanka fatun ta sake tambaya, ya ce haba Inna, ni ne fa.

Yanzu ga shi a kan moto da tsakar rana, zafin bazara na dukan fuskarsa, yana ta shirya magana tana rushewa. Ta ina ake fara ce wa suruki ya dawo da kyauta? Gara a aike shi ya kamo damisa.

Ya kashe moton tun daga nesa, ya tuɓe takalma, ya ƙarasa gindin itacen bedin da Malam Sallau ke zaune yana tufka igiya. Ya durƙusa gefe, idonsa a ƙasa. Aka gaisa, aka tambayi Ramla matar Zakiru da yara, aka tambayi zafi, aka tambayi kasuwa. Gaisuwa ta ƙare, Zakiru ya sake ɗauko ta daga farko. Da ta sake ƙarewa ya tambayi tumaki. Tumakin ma lafiyarsu lau. Ya zauna yana zana ƙasa da tsinke, zufa na bin gemunsa.

Tsohon ya ajiye igiyar, ya miƙe ya shiga gida. Da ya fito yana riƙe da abu naɗe cikin tsohon rawani. Ya ajiye a gaban Zakiru ya koma mazauninsa.

"Ga ajiyarka."

Zakiru ya kasa ɗaga kai. "Baba, ai ni ba..."

"Ramla ta hwaɗa ma uwarta tun satin hwarko, uwarta ta hwaɗa mini. Tun ran nan ban ƙara sa ta bakina ba." Ya ɗauki igiyarsa. "Na so in aiko maka, sai na ce in na maida kyautar da anka yi mini gaban mutane, na ce ma duniya surukina yaro ne ke nan. Na yi ta sauraren ƙarar moto. Kullum uwar Ramla sai ta ce yau za shi zo."

Ashe wata biyu matarsa na zuba masa tuwo tana kallonsa da wannan sani a cikinta. Ashe surukarsa Uwale ta sani, kuma abin da ta sani rabin Birnin Lalle ya sani. Kunya ta rufe Zakiru har ya yi fatan ƙasa ta tsage. Ya gudu daga kunyar minti ɗaya, ga shi ta haihu ta yi jikoki.

"Allah shi sa dai ba ta tsaida aikin mutane ba," in ji tsohon.

"Ba ta tsaida ba, Baba."

Wannan kam gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ƙaryar ciwo.

Sai da gari ya ɓace a bayansa ya tsaya gindin wata aduwa. Ya warware rawanin, gorar ta yi walƙiya, ko ƙwarzane babu. Ya ciro rigar daga aljihu, jar fata ce mai zanen kore da geza a ƙasa, aikin da mace ɗaya ke kwana biyu a kansa. Ya yi bisimilla ya zura.

Ta shiga kamar faɗin yatsa uku ta cije. Ya juya, ya matsa da gwiwa, ya tofa mata yawu, ya ja har ɗinkin ya fara ƙara. Ko gezau. A nan ya leƙa bakin gorar ya gane abin da ko jaki zai gane da an nuna masa: ƙarfen ninki biyu ne da iska a tsakani, shi ya sa take riƙe sanyi. Cikinsu ɗaya da ta roba, amma jikinta ya fi kauri. Shi ciki ya auna, riga kuwa a waje ake sa ta.

Salula ta sake ƙara, Jimrau ne. Zakiru ya bar ta ta yi ta gaji. Wata dabara ta zo masa da saurinta, kamar yadda mugun tunani ya saba: ya ɓoye gorar, ya ce ta ɓata, a loda kwalaye a kamiyo. Kafin a buɗe su a Lome an yi sati biyu, kuma sai a ce matan ne ba su iya ɗinki ba. Ya ɗan zauna da tunanin, kuma ya ji daɗinsa, abin da zai daɗe bai yafe wa kansa ba. Sai ya hango Jimrau tsaye gaban madam da riga a hannu tana ƙin shiga, mutumin da ya shekara huɗu yana wanke tukwanen wasu kafin a san sunansa. Ya tuna yatsun Haula da basilla ta huhhuda. Ya naɗe gorar ya tada moto.

Da ya shiga gidan an riga an ɗaure kwalayen, matan sun wanke hannu sun ɗora shayi, ana ta raha. Ƙarama cikinsu, Aisa, har ta fara yi masa kirarin mai kai Dakoro teku. Ya durƙusa gaban Haula yadda ya durƙusa gaban surukinsa, ya ajiye gorar da rigar da ta maƙale a gindinta.

"Inna, wagga ita ce awon. Waccan ta roba a kasuwa na saye ta. Kyauta na yi da wagga, na ji kunyar amsowa, na yi miki ƙarya."

Haula ta ɗauki gorar, ta ja rigar ta cire da ƙyar, ta zagaya ƙarfen da zare, ta ɗora zaren a kan fatar. Saura faɗin yatsa biyu.

"Sau biyu na tambaye ka," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage shi da ya fi samun sauƙi.

"Sau biyu, Inna."

"Wata biyu!" Aisa ta fashe. "Ko bikin ƙanwata ban tahi ba saboda aikin ga!"

Haula ta ɗaga mata hannu. Ta tambayi yaushe wani kamiyon zai tashi. Zakiru ya ce sai kasuwa mai zuwa, kuma in ya tashi ran nan zai iya riskar jirgin da ƙyar, in hanya ta yi kyau. Ta jujjuya rigar. Sannan ta ce sai an farke kowace ɗaya daga sama har ƙasa, a ƙara mata zirin fata a baya, a canza gindi, a sake ɗinkewa. Ɗari da ashirin cikin kwana shida. Ba ta ce za a iya ba, ba ta ce ba za a iya ba.

"Kira ƙanenka ka hwaɗa mishi da bakinka. Rezo ya gyaru yanzu." Ta miƙo masa 'yar aska. "In ka ƙare, hwarkar taka ce. Mu ɗinki munka iya."

Ya kira, ya faɗa. Jimrau ya ce zai roƙi madam, ya kashe ba sallama. Zakiru ya kwance igiyar kwalin farko da shi kansa ya ɗaure da safe, ya zauna a bakin tabarmar mata, ƙato da gemunsa, inda duk mai wucewa ta ƙofa zai hango shi. Ya fara tsinke zare ɗaya bayan ɗaya. Ɗinkin Haula ba ya farkuwa da sauƙi.

Yana kan ta huɗu tsoho Attaher ya shigo daga maƙera yana share gumi. Ba wanda ya ba shi labari. Idonsa ya faɗa kan gorar, ya ɗauka, ya ƙwanƙwasa ta da farce ya kara a kunne, irin na mutumin da ya yi shekara hamsin da ƙarfe.

"Kai! Ban taɓa ganin aiki irin wanga ba. Zakiru, taka ce? Wallahi ta shiga raina."

Basilla shida suka tsaya cak. Zakiru ya ji maganar nan ta "ai taka ce" ta taso masa har kan harshe, ta saba hanya. Ya haɗiye ta, ya sunkuyar da kai kan askarsa.

"Ba tawa ba ce, Baba," ya ce. "Ajiye ta nan kusa da Inna."